Iksora a Tsakar Gida: Yadda Na Daina Kashe Ta da Gata

Idan a Kaduna kika yi firamare, da wuya a ce ba ki taɓa tsotsar iksora ba, ko da ba ki san sunanta ba. Ita ce fulawar nan mai jan fure cunkus kamar dunƙulen hannu, wadda ake jerawa a gaban ofishin hedimasta. Mukan faki idon mai gadi mu tsinko fure ɗaya, mu zare siririn zaren da ke cikinsa ta gindi, sai ga ɗigon zaƙi ɗaya tal ya biyo shi. A kan wannan ɗigon na sha dorina ba sau ɗaya ba.

Saboda haka da Allah ya nufa muka tare a namu gidan a Malali, shekara bakwai ke nan, ita na fara nema. Na sayo guda 12 a leda wurin masu fulawa na bakin titi, na jera su a jikin katanga, na shiga yi musu hidima kamar jarirai. Kafin shekara ta zagayo saura huɗu, su ma ganyensu ya yi ɗorawa kamar masu shawara. Ba ƙishi ne ya kashe su ba, ba kuma yunwa ba. Gatan da muka saba yi wa shuka a gidajenmu, toka da ruwan wanke-wanke da yawan aski, shi ne ajalinta, sai kuma wani abu da magina suka binne mini ban sani ba.

Asalinta daga kudancin Indiya da Sri Lanka take, ƙasashen laima da ruwan sama. Danginsu ɗaya da kofi, haka kuma da gauɗe da tafashiya na dazukanmu. Sai dai su waɗannan 'yan gida ne, sun saba da rani da gobarar daji. Ita kuwa baƙuwa ce, ba ta kaɗe ganye ta yi barci idan ruwa ya ɗauke kamar yadda itatuwanmu da yawa ke yi. Da ganyenta take shekara, kuma ganyen nan kullum yana fitar da ruwa. A garin da ruwan sama ke ɗaukewa daga ƙarshen Oktoba har zuwa Afrilu, ke ce daminarta ta wata shida. In kin san ba za ki iya ba, ki shuka bogenbiliya, ita ko kin manta da ita sai ta ƙara fure.

Wurin da za ki ajiye ta shi ne farkon magana. Tana son rana, don a ƙarƙashin mangwaro za ta yi ganye kore shar amma fure sai dai ki gani a gidan maƙwabta. Hantsi take so, awa huɗu zuwa shida, sannan ta sami ɗan sauƙi daga ranar la'asar, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafin Kaduna ke haura digiri 35. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take kaɗowa, in akwai abin da zai kare ta daga wannan ɓangaren ya fi. A nan ne mutum zai ce to ai sai jikin katanga. A tarkon nan na faɗa.

Da na gaji da asara, na koma wurin wani dattijo mai fulawa, ba wanda na saya a wurinsa ba, na kai masa reshe ɗaya. Ya juya ganyen, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce, "Hajiya, sabon gini ne gidan naki?" Na ce shekararsa biyu. Ya ce, "To ki sa yaro ya haƙa gindinta ki ga abin da ke ƙasa." Na ce, "Baba, ƙasa ce mana, har taki na zuba." Ya yi dariya bai ƙara cewa komai ba. Da yamma aka haƙa. Ba a kai tsawon kamu ɗaya ba sai ga ɓaraguzan bulo, da dunƙulen siminti da ya daskare da siffar buhunsa, da farin ragowar filasta. Duk abin da ya rage wa magina, jikin katanga suka tura shi suka rufe da jar ƙasa.

Ga abin da ke faruwa. Iksora tana son ƙasa mai ɗan tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda 7 ke tsakiya, abin da ke ƙasa da 7 kuma mai tsami ne, ta fi walwala tsakanin 5 da 6. Siminti kuwa da farar ƙasa ake yin sa, yana kashe tsamin ƙasa ya mayar da ita ɓangaren kanwa. Da zarar an haura 7, sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar yana nan bai je ko'ina ba, amma ya ɗaure, saiwa ba ta iya shan sa. Ba tare da shi ba kuma ganye ba ya iya yin korensa. Shi ya sa alamar take da sauƙin ganewa: sabon ganye na saman reshe shi ke fara yin rawaya, jijiyoyinsa kuma su tsaya kore, sai ka ce an zana taswira. In abin ya yi nisa ganyen ya fito fari-fari, ƙanana, tohon fure ya zube bai buɗe ba. Za ki ji ana cewa a binne tsatsattsun ƙusoshi a gindinta. Na binne, har da guntun kwano. Ba ƙarfen ne babu ba, hanyar shan sa ce ta toshe.

Abin haushin shi ne jar ƙasar Kaduna ta asali, in ba a ɓata ta ba, da ma tana da ɗan tsaminta, ta dace da iksora. Mu ne muke lalata ta. Kafin ki haƙa rami, ki ɗebi busasshiyar ƙasar wurin a faranti ki matsa mata lemon tsami. In kin ga tana kumfa ko kin ji tana 'yar ƙara sii, akwai siminti ko farar ƙasa a ciki da yawa. Rashin kumfa ba ya nufin komai lafiya, amma kumfar hujja ce. Ko ta yi ko ba ta yi ba, ki ja baya daga katanga da daɓen siminti kamar mita ɗaya, don ruwan da ke wanko jikinsu a damina gindinta yake sauka.

Ramin ya kai santimita 45 a faɗi da zurfi, wato kamu ɗaya. Ki kwashe duk abin da ya fito in da ɓaraguzai, kar ki mayar. Ki cika ramin da ruwa ki tafi harkarki. In kin dawo bayan awa uku ko huɗu ruwan na nan kwance, marmara ce ko laka a ƙasa, kuma a watan Agusta saiwar za ta ruɓe. A irin wannan wuri sai a fasa ƙasan da diga, ko a tada kunya a dasa a samanta. Haɗin da nake yi: kwano biyu na baƙar ƙasa ta sama, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa ko tsohon ɓuntun shinkafa. Takin shanu nake sawa a kawo mini daga Zango, amma ba na taɓa shi sai ya shekara a bayan gida, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Kashin kajin ƙwai kuwa na daina ba ta gaba ɗaya, domin abincinsu cike yake da farar ƙasa da ake sa musu saboda ɓawon ƙwai, kuma ragowar tana fitowa a kashin.

Wajen saye kar ki bari fure ya ruɗe ki. Ki ɗaga ledar ki duba gindinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizgo, ta daɗe a wurin, za ta sha wahala bayan dashe. In kuma kin ɗan ja karan kin ji zai zaro, reshe ne da aka soka shekaranjiya, bai yi saiwa ba, an yi mini wannan. Ki juya ganye ki duba bayansa ko da fararen ƙwari. Akwai doguwa mai faffaɗan ganye da ke iya wuce tsayin mutum in an bar ta, akwai gajeruwa mai ƙananan ganye da ake jerawa a bakin hanya. Ki tambaya wacce ce, don tazararsu ba ɗaya ba: gajeruwar santimita 30 zuwa 45, doguwar 60 zuwa 90. Akwai ja, da ruwan lemo, da rawaya, da ruwan hoda, da fara. A hannuna dai jar ta fi kowacce jure wahala, farar kuwa sau biyu ina gwadawa tana ba ni kunya.

Kar ki dasa da ruwan farko na Afrilu. Yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke sati biyu ko uku, rana ta dawo da ƙarfinta. Ki jira Yuni, damina ta zauna. Da yamma ake dashe. A yanka ledar da reza, ba a zare shukar ta sama ba, a ajiye dunƙulen ƙasar yadda yake, samansa daidai da saman ƙasar wurin. Zurfafa ta kuskure ne, saiwarta a sama-sama take yawo, kuma kara in ya nutse ruɓewa yake. A danna gefe da tafin hannu, a ba ta ruwa bokiti guda ko da hadari ya haɗo.

Ban ruwa ba shi da lissafi ɗaya, yatsa ne alƙali. Ki tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi ki bari, in ya fito a bushe ki ba ta. A damina kusan ba ruwanki, a marka ma aikinki shi ne ki tabbata ruwa ba ya kwanciya a gindinta. Daga Nuwamba aikin ke farawa. A hunturu ina ba nawa duk bayan kwana biyu, da hantsi, a ƙoshe, ba yayyafi ba. Mutane na ganin ana sanyi sai su ɗauka shuka ba ta jin ƙishi, alhali iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce ke tsotse ganyenta. Sanyin kansa a nan Kaduna bai cika yi mata illa ba, sai dai ta tsaya da girma, wani ganyen ya yi ja-ja. Ƙasa da digiri 10 ne take fara jigata sosai, wannan kuwa damuwar mutanen Jos ce fiye da mu. Ƙura ce tamu. Sau ɗaya a sati nakan wanke ganyen da ruwa sama da ƙasa, in ba haka ba sai ki ga shukar ta koma kalar katanga. A bazara kuwa kullum ne, wani lokaci safe da yamma ga waɗanda ke cikin tukunya.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Na sama ya fi kowanne, ina tara shi a duro biyu masu murfi saboda sauro, amma ba ya kai ni Janairu. Na rijiyar burtsatse kowace unguwa da nata. Ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwa: in farin abu yana kamawa a gindinta, ruwanki na da farar ƙasa, a hankali zai kashe tsamin ƙasar. Wanda ba a ba ta ko kaɗan shi ne ruwan wanki da na wanke-wanke. Omo da sabulu ɓangaren kanwa suke, ga gishiri. Na san zafin zubar da ruwa a banza a watan Maris, lokacin da kurar mai ruwa ke tsada. Ki ba ayaba shi. Abin da na yi wa tawa dabara shi ne na dasa guda uku kusa da inda ake alwala, na ja musu 'yar hanya ta ƙasa ba ta siminti ba. Sau biyar a rana suna samun ruwa mai tsabta, kuma duk gidan babu waɗanda suka kai su kyau.

Ki rufe gindinta da busasshen ganyen mangwaro ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku, amma ki bar tazara kar ya taɓa karan. Yana riƙe danshi, yana sanyaya saiwa. Gara za ta zo ta ci, ki riƙa ɗagawa kina dubawa. Yawanci busasshen take ci ta bar mai rai, sai in shukar da ma ta galabaita.

Sai maganar toka, wadda ta kusa haɗa ni da surukata. Ta zo mana kwana biyu ta ga fulawar ta yi rawaya, da asuba ta kwashi tokar murhu ta barbaɗa wa kowacce. Da na fito ta ce, "'Yar nan, kin bar shuka ƙwari na ci, ga magani a murhu." Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya, Allah ya saka da alheri." Me zan ce? A gonarta ta kuɓewa da yakuwa gaskiyarta ne, ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma tokar da ake tacewa a yi ruwan toka a sa a miya maimakon kanwa, ita ce dai wannan, aikinta kashe tsami. Sai da ta shiga wanka na bi da tsintsiya da abin kwasar shara.

Taki kaɗan take so. NPK 15-15-15 da ake samu ko'ina ya isa: cokalin cin abinci ɗaya ga babbar shuka, rabinsa ga ƙarama, a zagaya shi nesa da kara kamar tafin hannu, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Sau uku nake sawa, Yuni da farkon Agusta da ƙarshen Satumba. A hunturu ba na sawa, don sabon tohon da zai fito iska ce za ta ƙone shi. Kafin ki ƙara taki ki karanta ganyen tukuna. Tsofaffin ganye na ƙasa sun koɗe gaba ɗaya har jijiya, wannan yunwa ce, a ba ta. Bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ƙishi ne ko iska. Ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, saiwa ce ke ruɓewa, a janye ruwa. Sabon ganye rawaya mai koren jijiya kuwa kin riga kin san shi, kuma ko buhu kika juye mata ba zai warke ba. Maganinsa na gaggawa shi ne takin ruwa mai sinadarin ƙarfe da ake fesawa a ganye, a shagunan kayan noma ake tambaya, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Wanda ya fi daɗewa yana aiki kuwa farar wuta ce, wadda 'yan koli ke sayarwa. A daka ta lukui, a barbaɗa cokalin shayi ɗaya ko biyu a kewayen shuka, a cakuɗa da ƙasar sama. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke juya ta ta zama tsami, saboda haka sai an yi wata biyu ko uku kafin a ga canji, kuma a sabon ganye za a gani. Kar gajen haƙuri ya sa ki ninka.

Aski kuma da maigidan muka yi ta fama. Shi yana son ya ga shinge a miƙe kamar an ja layi da rula, irin na gaban banki. Duk ƙarshen wata sai ya kira yaro da almakashi. Ita kuwa iksora a kan sabon reshe take fure, can a ƙarshensa. Duk askin da aka yi, furen wata mai zuwa aka zubar a ƙasa. Na ce masa, "Abban yara, ko dai shinge ko fure, zaɓi ɗaya." Muka raba: na ƙofar gida nasa ne, yana nan kore a miƙe ba fure, na tsakar gida nawa ne. Sau ɗaya nake yi musu aski na sosai, a Mayu da ruwa ya fara, in rage kamar kashi ɗaya cikin uku, in cire busassun rassa da masu shiga juna. Bayan haka sai dai in fure ya bushe in yanke shi a saman ganye biyun da ke ƙarƙashinsa. Daga nan rassa biyu kan fito, kowanne da nasa furen.

Rassan da aka yanke ba shara ba ne. A Yuli ko Agusta ki zaɓi reshen da ya fara ƙwari, ba ɗanye shataf ba, ba kuma tsohon icce ba. Ki yanka santimita 10 zuwa 15, daidai ƙarƙashin gaɓa, ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu ko huɗu a sama, in manya ne ki rage rabinsu da almakashi. Ledar fiya wata da aka huda gindinta ta isa, a cika da yashi da baƙar ƙasa rabi da rabi. Ki soka, ki jiƙa, ki kifa mata gorar roba da aka yanke gindinta don ta riƙe laima, ki ajiye a inuwa mai haske. Sati shida zuwa takwas ne. Kar ki riƙa zarowa kina leƙen saiwa, sabon toho shi zai gaya miki. Cikin goma nakan sami biyar ko shida, shi ya sa nake soka da yawa.

Mai zaman haya ko wadda aka shafe tsakar gidanta da siminti, tukunya ta fi mata, don ma ke ce mai iko da ƙasar. Ta yumɓu ko bokitin fenti da aka wanke aka huda, amma ban da tukunyar siminti da ake sayarwa a bakin titi, duk kyanta. Ki ɗora ta a kan bulo ko katako don zafin daɓe kar ya dafa saiwar, duk shekara biyu ki sauya mata ƙasa.

Ƙwarinta sanannu ne. Akwai fari mai kamar an manna auduga a hammatar ganye, akwai mai kamar ƙaramin ƙurji da ke lafewa a jikin kara ba ya motsi, akwai ƙananan kore da ke taruwa a kan toho. Duka tsotsar ruwanta suke, suna fitar da wani abu mai danƙo kamar darɓa, a kansa kuma baƙin abu ke fitowa ya rufe ganye kamar kunkunniya. In kin ga tururuwa na hawa da sauka, ki bi sawunsu, zaƙin suke bi, za su kai ki har inda ƙwarin suke. In kaɗan ne, tsohon buroshin haƙori da ruwa ya wadatar. In sun yi yawa, 'ya'yan dogon yaro nake sa yara su tsinto, a ɓare, a daka cikin hannu biyu, a jiƙa a lita huɗu na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, a bi ta bayan ganyen, a maimaita bayan sati har sau uku. Nakan shimfiɗa leda a gindin kafin in fara saboda sabulun.

An sha ba ni shawarar maganin feshi na kwalba, irin wanda ake yi wa wake, wai sau ɗaya ya gama da su. Ba na sawa. Autata tana aji uku, kuma ban san wanda ya koya mata ba, ranar nan na leƙo ta taga na gan ta tsugune a wurin alwala ita da 'yar maƙwabta, sun tara jajayen furanni a cinya suna zare zaren ɗaya bayan ɗaya. Ko ruwan dogon yaron ma, ranar da zan fesa sai na tsinke furannin da hannunsu ke kaiwa, in gaya musu ba a sha sai Juma'a.